Idanu Huɗu

Damina ta cika lungunan Mirpur,
kwata ta haɗe da bututun ruwan sha.
Ƙarfe bakwai, ban ko naɗe lema ba,
kwalabe goma sha tara na jirana a tebur,
kowace da sunan wani.

Monowara ce ta koya mini aikin,
tana taunar ganyen pan, bakinta jawur:
“Jharna, ɗigon ruwan gishiri a hagu,
ɗigon aidin a dama,
ɗan taɓi da tsinke, kada ki cika.
In ba a karanta jarida ta cikin gilashin,
kin yi kauri, goge ki sake.
Rage fitila. Sauran duk haƙurin gani.”

Ga wata ƙatuwa ta dunƙule a ƙwansonta.
Na murza madubi sama, na murza ƙasa,
ina ƙirga idanunta: biyar, shida, takwas.
Koli ce, 'yar cin saura a hanji,
girman banza, ba ruwanta da jini.

Ga mai ido ɗaya da ƙullin guzuri a ciki,
aidin ya rina shi kalar shayi.
Wuce.
Ga nana, 'yar mitsitsiya, sunanta na ba ni dariya,
haka muke kiran kakanmu na wajen uwa,
kuma halinsu ɗaya: zama kawai, ba faɗa.
Wata ta ari fuskar mugu, jikinta bai kai ba,
na auna ta sau biyu, ba ta cika goma ba,
na sallame ta: hartmani.

Kwalba ta sha ɗaya, ta Alauddin mai gyaran keke.
Idanu huɗu, kowanne da ɗigo a tsakiya,
ga sanda mai mulmulallen kai kwance a gefe.
Nan alƙalamina yake tsayawa.
Su biyu ne, kamar an tsaga kara:
histolitika, mai huda hanji,
ta bi jini ta je hanta ta yi gida,
da disfar, wadda ko yaƙushi ba ta cika yi ba.
Kama da wane ba ta wane.
Na rubuta sunan duka biyun,
na tura sauran ɗakin gwaji na sama.
Monowara takan ce, “Duk mai raba su da ido, cika baki yake.
Ban sani ba ma yanki ne na sani.”

Sai ga Shefali a guje daga masaƙa,
zare shuɗi maƙale a gashinta,
kwalba a ƙirji, ƙarƙashin mayafi, don kada ta huce.
Tuhin ne, shekara huɗu,
kwana uku yana tsugunno, majina da ja.
Ba ta faɗi sunan ba, ni ma na yi shiru:
atini.

Mai ɗumi ba ya jira.
Na ture sauran, na ɗiga, na rufe, na sunkuya.
Ga ta, ba ƙwanso, a sake,
ta miƙa ƙafa garau kamar gilashi,
jikin ya kwarara ya bi,
gaba take yi, ba waiwaye.
A cikinta na ƙirga jajayen ƙwayoyi uku
da ta haɗiye ba ta gama narkarwa ba.
Wannan kam ba tagwaye,
an kama ta da kaya a hannu,
jinin Tuhin ne ya ba ta launi.

Shefali ta ce, “Me kika gani?”
Na matsa mata kujera.
Ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta daɗe.
“Wannan ɗan abin?”
Na ce shi ne. Likita na ƙofa ta biyu,
kala biyu zai rubuta,
na mai yawo da na mai ɓuya a ƙwanso,
ko ya warware, a ƙarasa magani.

Ta dubi agogo, za a yanke mata kuɗin wuni.
Na je famfo in wanke hannu,
na tsaya ina kallon ruwan a tafina,
fari tas, ba ya faɗin komai.
Saura kwalabe takwas.
Sama ta sake tsugewa a kan kwano,
ta cinye kiran sallar masallacin kusa da ni.